Sunan Lefebvre: yaya ake furta shi, me yake nufi, kuma me ya kawo b a tsakiyarsa?

Wani ɗalibin tarihi da ke rubuta kundin digirinsa na biyu a kan Damagaram ya aiko mini da tambaya. A karance-karancensa yana yawan cin karo da sunan Camille Lefebvre, saboda binciken da mai sunan ta yi a kan iyakokin ƙasar Nijar da kuma yadda Faransawa suka mamaye Damagaram da Agadas. Nan ba da jimawa ba zai gabatar da takarda a gaban malamansa, kuma babu makawa sai sunan ya fito daga bakinsa. Ga abin da ya ce: "Malam, duk lokacin da na zo kan b da v da r a jere, sai harshena ya sarƙe. Yaya ake faɗinsa? Yana da wata ma'ana? Kuma in zan rubuta wa mai sunan wasiƙa, me zan kira shi?"

Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Na daɗe ina koyar da Faransanci, kuma na lura ɗalibai kan yi wa sunayen mutane karatun wuce-wuri, su gurgura su kawai su ci gaba. Wanda ya tsaya ya tambaya yadda ake faɗin sunan marubuci ya ba marubucin haƙƙinsa.

Bari in sauke maka nauyin tun da fari: ba a furta b ɗin nan. Rubuta shi ake yi, baki ba ya taɓa shi. Sunan gaɓa biyu ne kacal, le da fevr, kuma Lefebvre da Lefèvre a kunne abu ɗaya ne, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Da ka cire b daga lissafi, rabin sarƙewar harshen ta tafi. Sauran rabin kuwa sai mun bi sautukan ɗaya bayan ɗaya, domin kusan kowannensu akwai inda yake yi wa bakin Bahaushe gardama.

Gaɓar farko gajeruwa ce, kuma wasalinta babu shi a Hausa. Ka ajiye harshenka kamar za ka ce "le", amma ka turo leɓɓanka gaba kaɗan kamar za ka ce "lo", ka sake shi da sauri ba tare da ka ja ba. Abin da zai fito wani sauti ne tsaka-tsaki, kuma shi ake nema. Kada ka ɗora masa nauyi. Faransawa kansu, in suna magana da sauri, sukan haɗiye shi, ka ji Monsieur Lefebvre ya koma kamar "masyo lfevr". Nauyin sunan a gaɓa ta biyu yake.

Sai f. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke yin namu, shi ya sa a bakin wani yake kusa da p, a bakin Basakkwace ko Ba'adare kuma ya koma h ko hw. Na Faransanci da haƙori ake yin sa, haƙoran gaba na sama su zauna a kan leɓen ƙasa. Idan ka yi karatun tajwidi ka riga ka san wurin, domin mafitar harafin ف ce daidai wa daida. Wasalin da ke biye da shi buɗaɗɗe ne, irin wanda ke cikin "fes" in ka ce an wanke riga fes, sai dai ka ɗan ja shi kaɗan. Shi kuwa v, a wuri ɗaya ake yin sa da wancan f ɗin, bambancinsu murya. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja fff, ba za ka ji motsi ba. Kada ka ɗaga haƙoran, ka saki murya, za ka ji maƙogwaron yana rawa. To, v ke nan. Mun saba mayar da shi b a kalmomin aro, kamar biza da bidiyo da direba, kuma a Hausa babu laifi a hakan. A wannan sunan ne nake roƙonka ka daure ka riƙe v ɗin, don in ka mayar da shi b ka ƙara wasali a bayansa, za ka faɗa cikin wani suna daban da zan ambata nan gaba.

R na ƙarshe a maƙoshi Faransawan yau suke yin sa, kusa da غ ɗin da kake furtawa kullum a Fatiha, wurin "gairil magdubi". A ƙarshen wannan suna rauni gare shi, kamar ɗan kakin numfashi bayan v, kuma e ɗin da ke bayansa shiru yake. A hirar yau da kullum da yawa daga cikinsu ma yar da shi suke yi, su ce "lefev". Don haka in r ɗin ya gagare ka, ka tsaya a kan v, babu wanda zai ce ka yi kuskure. In kuma ka kaɗa shi da kan harshe irin namu, wannan ma karɓaɓɓe ne, haka miliyoyin masu Faransanci a Afirka suke yi, haka kuma kakannin Faransawan kansu suke yi a da. Abin gudu ɗaya ne, cusa wasali tsakanin baƙaƙen, ka ce "Lefebure" ko "Lefebar". Wanda ya yi makaranta a Nijar yana da hanya mai sauƙi: sunan yana tafiya da amo ɗaya da chèvre, wato akuya, da lèvre, wato leɓe. In ka iya waɗannan, ka iya shi.

Ma'anarsa kuwa, a tsakar gidanmu take. Lefebvre na nufin Maƙeri.

Kashi biyu ne aka haɗe. Le shi ne takwaran "al" na Larabci, fèvre kuma tsohuwar kalmar Faransanci ce ta maƙeri, wadda ta samo asali daga faber na harshen Latin, mai sarrafa abu mai tauri da hannunsa. Mannewar le a jikin kalmar ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Haka muka yi wa al-imam ya zama liman, al-kitab ya zama littafi, al-waƙt ya zama lokaci, har ba ma jin cewa akwai wani "al" a ciki. Kuma tunda Damagaram kake karanta, ga wani misali da ke cikin littattafanka: Lamy, hafsan nan da ya ratso Sahara ya biyo ta Agadas da Damagaram a 1899, aka kashe shi a Kusiri a 1900 a yaƙin da Rabe ma ya mutu, aka kuma sa wa Fort-Lamy sunansa har zuwa 1973 da garin ya koma Njamena. Sunansa l'ami ne aka haɗe, wato aboki.

Kalmar fèvre ta mutu a bakin mutane tun tuni. Maƙeri a Faransancin yau forgeron ne. Wuri ɗaya da ta saura a raye shi ne cikin orfèvre, inda or ke nufin zinariya, wato mai ƙera zinariya da azurfa. Wannan rabon ma mun san shi, tsakanin maƙeran babbaƙu masu fartanya da garma da gatari, da maƙeran farfaru masu zobe da munduwa da kayan ado. Na farfarun ne ya riƙe tsohuwar kalmar, na babbaƙun kuwa sai a sunayen jikokinsa ta tsira.

Me ya sa sunan ya yi yawa haka? Yana cikin sunaye ashirin da suka fi yawa a Faransa, a arewacin ƙasar kuma, wajen Nord da Pas-de-Calais, shi ne kan gaba, ga shi birjik a Normandi da Beljiyam da Kebek ta Kanada. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi a ƙauye. A garin da kowa manomi ne, kiran mutum "manomi" ba ya fitar da shi daga cikin jama'a. Maƙeri kuwa ɗaya ne ko biyu, kuma babu garin da zai rayu babu shi, domin shi ke gyara bakin garma, shi ke yi wa doki takalmi, shi ke yin wuƙa da ƙusa da makulli. Kowane ƙauye da nasa, kowane kuma da sana'ar ake kiransa. Shi ya sa in ka leƙa wasu harsunan za ka tarar da shi zaune: Smith a Ingila, Schmidt a Jamus, Ferrari a Italiya, Kowalski a Folan, Kovács a Hangare, Haddad a ƙasashen Larabawa. Duk Maƙeri ne.

Sunayen gado sun fara kafuwa a Faransa wajen ƙarni na 12 zuwa na 14. Sunayen yanka da ake juyawa kaɗan ne, Jean da Pierre da Guillaume sun cika gari, sai aka shiga bambanta mutane da laƙabi, kamar yadda a unguwa ɗaya za ka sami Audu Dogo da Audu Maƙeri da Audu na Bakin Kasuwa. Wani da sunan ubansa aka san shi, daga nan aka sami Martin da Bernard. Wani da inda gidansa yake, Dubois na wajen daji, Dupont na bakin gada. Wani da siffarsa, Petit ƙarami, Legrand dogo, Roux mai jan gashi. Wani kuma da sana'arsa, Boucher mahauci, Boulanger mai burodi, Tisserand masaƙi, Lefebvre maƙeri. Inda muka rabu da su shi ne, namu laƙabin yakan bi mai shi kabari, ɗansa ya ɗauki sunan yankan uban ya ci gaba. Nasu alƙalamin hukuma ne ya daskarar da shi. A 1539 Sarki François na ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta wajabta wa limaman coci rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, ta kuma sa Faransanci ya maye gurbin Latin a takardun shari'a. Bayan juyin juya hali, dokar watan Agusta na 1794 ta hana ɗan ƙasa amsa wani suna ban da wanda ke cikin takardar haihuwarsa. A shekarun 1870, bayan gobarar da ta cinye rajistocin birnin Faris a 1871, aka fito da ɗan littafin iyali da ake ba ma'aurata ranar ɗaurin aure, kuma daga nan ne rubutun kowane gida ya tsaya cak a yadda aka same shi.

Yanzu mu koma kan b. Ruwa ba ya tsami banza, kuma labarin wannan harafi shi ne abin da na fi so a cikin tambayarka.

Lokacin da Latin ke narkewa yana zama Faransanci, b ɗin faber ya yi laushi ya koma v. Wato v ɗin da ke cikin fèvre shi ne tsohon b ɗin da kansa. Amma a ƙarni na 15 da na 16, magatakarda da masu aikin shari'a, waɗanda duk da Latin suka yi karatu, suka ɗauki ɗabi'ar dawo da haruffan asali cikin kalmomi don tushen ya fito fili. Suka rubuta debte a maimakon dette, doubter a maimakon douter, debvoir a maimakon devoir, febvrier a maimakon février. A wurin fèvre sai suka dawo da b suka ajiye shi kusa da v, aka wayi gari harafi ɗaya ya bayyana sau biyu, sau ɗaya a tsohuwar kamarsa, sau ɗaya a sabuwa. Ba ado kaɗai ba ne, yana da amfani a wancan zamani. U da v harafi ɗaya ne a rubutun lokacin, kuma a rubutun hannu mai cunkoso, in ka ga feure ba ka san ko baƙi ne a tsakiya ko wasali ba. B ɗin yana yi wa mai karatu ishara cewa abin da ke biye baƙi ne. Wanda ya taɓa fama da tsohon ajami marar wasulla zai gane irin wannan dabara.

Daga baya hukumar kula da harshen Faransanci, Académie française, ta share yawancin waɗannan haruffa a ƙamusunta na 1740, a na 1762 kuma ta raba u da v kowa da gurbinsa. Kalmomin yau da kullum suka sauƙaƙa. Ingilishi da ya ara tun kafin sharar ya riƙe nasa, shi ya sa har gobe ake rubuta b a debt da doubt ba a faɗinsa. Sunayen mutane kuwa babu hukumar da ke da ikon yi musu aski, sai suka zauna da tsohuwar rigarsu. Ka ma riga ka san irinsu ba tare da ka lura ba. Motar da aka riƙa haɗawa a Kaduna Peugeot ake rubutawa, mu kuma Fijo muke cewa, ba wanda ya taɓa neman t ɗin ƙarshe. Renault ma "Reno" ne, l da t duk shiru.

Wannan rikicin u da v shi ya haifi sunan da na ce kada ka faɗa ciki. A wasu gidaje an ci gaba da rubuta Lefebure da u bayan an raba haruffan, jikoki suka zo suka karanta shi yadda suka gan shi, suka furta b ɗin suka furta u ɗin. Yau Lefébure suna ne mai zaman kansa, gaɓa uku, kuma a cikinsa ana jin b sarai. Tushensu ɗaya da Lefebvre, amma gidajen daban ne.

Tun da Faransa ba harshe ɗaya take yi ba a da, faber ya fito da fuska daban-daban gwargwadon yanki. A kudu Fabre da Faure, kamar Félix Faure da ya shugabanci ƙasar daga 1895 zuwa 1899. A wajen Savoie da yammacin Suwizalan Favre. A gabas Faivre da Febvre. A yamma Lefeuvre. A Gaskonya, can kudu maso yamma, f yakan koma h, har maƙeri ya zama haure, abin da zai tuna maka da yadda fari yake zama hwari a bakin mutanen yammacin ƙasar Hausa. Mutanen yankin Bretagne na Faransa kuwa harshensu daban ne gaba ɗaya, nasu maƙerin Le Goff ne. Idan kana son shaida cewa masu ilimin da sun san tushen sunan, dubi Jacques Lefèvre d'Étaples, malamin da ya fitar da cikakkiyar fassarar Baibul da Faransanci a 1530. A rubuce-rubucensa na Latin, Faber Stapulensis yake sa hannu.

Da sunan ya ƙetare teku sai ya shiga wani hali. Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotestan da suka gudu daga Faransa bayan 1685 sun kai shi Ingila da Amurka, inda ya koma Lefever ko LeFevre, ana furta shi kamar kalmar zazzaɓi ta Ingilishi. Wasu 'yan Kebek da suka gangara Amurka neman aiki a masaƙu aka fassara musu shi zuwa Bean, saboda an ɗauka daga fève yake, wato wake. Babu zazzaɓi a cikinsa, babu wake. Amma in ka haɗu da Ba'amurke mai wannan suna, yadda ya faɗi nasa shi za ka bi, domin shi ke da abinsa.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, amma wasu ɗalibaina sun sha yi mini ita da zarar sun ji ma'anar: shin sunan yana nuna matsayin gidan mutum? Na san inda tambayar ta fito. A wurinmu ƙira gado ce, akwai Sarkin Maƙera, akwai unguwar Maƙera, akwai sirrin wuta da ba a ba bare. A wurin Abzinawa ma maƙera, waɗanda suke kira inadan, rukuni ne na daban da suka saba aure a tsakaninsu. Muna kuma cewa suna linzami ne. To, a Faransa ta yau wannan linzamin ba ya jan kowa ko'ina. Da yake kalmar fèvre ta ɓace, yawancin Faransawa ba sa jin komai a cikin sunan, kamar yadda ba ka tuna garin Kano duk lokacin da ka ji an ce Aminu Kano. Masu sunan sun bazu a kowane mataki. François Joseph Lefebvre ya fara daga ƙaramin soja, Napoleon ya ba shi muƙamin mashal a 1804, ya kuma naɗa shi sarautar Danzig a 1807 bayan ya ci garin. Marcel Lefebvre, haifaffen Tourcoing a arewa, ya yi aikin mishan a Gabon ya kuma zama babban bishop na Dakar, kafin saɓaninsa da fadar Fafaroma. Akantoci da lauyoyin ƙasashe masu Faransanci, har da Nijar, sun san littattafan haraji da dokar kasuwanci na kamfanin Francis Lefebvre. Sannan kada le ɗin nan ya sa ka zaci sarauta. Ɗan ƙaramin de ne ake dangantawa da gidajen sarauta, shi ma ba kullum ba.

Sai batun wasiƙa. Ka ce "me zan kira shi", to mace ce. Ba laifinka ba ne, Camille suna ne da maza da mata duk suke amsawa a Faransa, kamar Dominique da Claude, don haka a kullum sai an bincika kafin a rubuta. Ka buɗe da Madame kaɗai, sai waƙafi. A saƙon imel Bonjour Madame ya wadatar. A tsohuwar ƙa'idar wasiƙa ba a haɗa sunan iyali a gaisuwar buɗewa, ko da yake yanzu ana ganin Madame Lefebvre a saƙonni da yawa kuma ba ya ɓata wa kowa rai. Abin da za ka kiyaye shi ne haɗa Madame da sunan yanka. A Nijar an saba jin haka, yara ma "mushe", wato Monsieur, suke kiran malamin makaranta su haɗa da sunansa na yanka, kuma girmamawa ce. A Faransa Madame Camille ba ta dace da wasiƙar ilimi ba. Kada kuma ka sa Docteur. A can likitan asibiti aka fi kira da haka, manyan malaman jami'a Monsieur da Madame suke amsawa kuma ba su ɗauke shi raini ba. Ka yi amfani da vous, wato "ku" ta girmamawa irin wadda kake yi wa mahaifinka, har sai ita da kanta ta ce ku koma tu. In za ka taƙaita, M. ne na namiji, Mme na mace. Mademoiselle kuwa, ta wadda ba ta yi aure ba, an cire ta daga takardun gwamnati tun 2012.

Kiran mutum da sunan iyalinsa tsurarsa a gaban idonsa, ka ce "Lefebvre!" kawai, salon bariki ne da na tsofaffin makarantu, yana da kaushi. A rubutun ilimi kuwa haka ake yi, ka ce Lefebvre ta nuna kaza, babu rashin ladabi a ciki. Sai dai kai ɗan tarihi ne, kuma masu wannan suna sun yi yawa a fagenka. Akwai Georges Lefebvre, masanin juyin juya halin Faransa, akwai Henri Lefebvre, masanin falsafa da zaman birane, akwai kuma Lucien Febvre da ya kafa mujallar Annales tare da Marc Bloch a 1929, shi ma b ɗinsa shiru yake. Ka riƙa sa harafin farko na sunan yanka don kada mai karatu ya ruɗe. A jerin manazarta sunan a ƙarƙashin L yake shiga, ko da an raba shi an rubuta Le Fèvre. In kana rubutu da Faransanci, le ɗin ba ya narkewa kamar na sauran kalmomi, de Lefebvre ake cewa, ba du Febvre ba. Iyalin gaba ɗaya kuma les Lefebvre ne, ba a ƙara s.

A fom ɗin Faransawa za ka ga gurbi biyu, nom da prénom. Na farko sunan iyali ne, yawanci da manyan haruffa, na biyu sunan yanka. Matar aure a doka ba ta rasa sunan gidansu, na mijin aro ne take amfani da shi in ta so, shi ya sa za ka ga an rubuta née a gaban wani suna, ma'ana "wadda aka haifa da sunan kaza". Tun daga 2005 iyaye na iya ba ɗa sunan uba ko na uwa ko duka biyun, daga 2022 kuma baligi na iya zuwa ofishin magajin gari sau ɗaya a rayuwarsa ya koma sunan ɗaya daga cikin iyayensa. Mu da tsarinmu ya ginu a kan sunan yanka da sunan uba, waɗannan gurabe biyu sun daɗe suna rikita mu. Shi ya sa za ka ga Diori Hamani a wani littafi, Hamani Diori a wani, mutum ɗaya.

Abin da na fi so ka riƙe a aikace shi ne wannan: harafin da baki ya yafe, alƙalami ba ya yafe shi. Mai wannan suna a Faransa ya saba, duk inda ya je gaban ma'aikaci, da ya faɗi sunansa sai ya bi shi da "avec un b", wato "da b a ciki", domin ya san kunne ba zai bambanta shi da maƙwabcinsa Lefèvre ba. A idon doka sunaye biyu ne. Na ɗauki wannan da zafi saboda na ga abin da harafi ke jawowa. Wani tsohon ɗalibina, ɗan kan iyaka, takardar haihuwarsa ta ce Ousmane, takardun makarantarsa suka ce Usman. Kowa ya san suna ɗaya ne, kowa ya san mutum ɗaya ne, amma da ya sami gurbin karatu a waje sai da ya yi watanni yana zarya tsakanin ofisoshi da kotu, har zangon farko ya wuce shi. Tun daga lokacin ba na yarda ɗalibi ya ce mini "ai duk ɗaya ne" a kan rubutun sunan mutum. A kundinka ka kwafe shi harafi bayan harafi, L-e-f-e-b-v-r-e, babu wata alama a kan e, kuma kada ka mayar da shi rubutun Hausa ko da kundin da Hausa kake rubuta shi. In kana son taimaka wa mai karatu, ka faɗi yadda ake furta shi sau ɗaya a farkon ambato.

Tun da takardarka a kan zuwan Faransawa Damagaram take, ga sauran sunayen da na san za su tare ka a hanya ranar gabatarwa. Cazemajou, wanda aka kashe a Damagaram a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, "Kazmaju" ne, e ɗin tsakiya ba ya fita, j ɗin kuma mai laushi ne irin na bakin mutanen Nijar. Voulet "Vule" ne, da v irin wanda muka koya ɗazu, t ɗin shiru. Chanoine "Shanwan" ne, kuma asalin kalmar wani muƙami ne na malaman coci. Foureau, abokin tafiyar Lamy, "Furo" ne. Ka karanta takardar da ƙarfi sau biyu ko uku a ɗakinka kafin ranar, yatsa a maƙogwaro duk inda v ya fito.